Agogon da Bai San Nomau Ya Mutu Ba

Abin da Hurera ta rasa guda ɗaya ne, mijinta Nomau, mutum mai ƙiba da sanyin magana, wanda suka yi shekara talatin da ɗaya tare. Abin da ta samu kuwa uku ne: tsohon keke marar ƙararrawa, da agogon hannu mai sauraron zuciya, da Barmo ƙanin marigayin. Ita da ta tsufa tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Kwanar Ɗinya ba a taɓa cin ta a ciniki ba, ta san wannan karon an ci ta. Sai dai ba ta faɗa wa kowa ba.

Barmo ya haura arba'in, dogo ne siriri kamar gwangwala, a zauren gidan yake kwana tun rasuwar iyayensu. Ba mahaukaci ba ne. Ba ya duka, ba ya zagi, salla ba ta wuce shi. Abu ɗaya ne nasa, yadda ka ba shi magana haka yake riƙe ta, ba ragi ba ƙari. Idan ka ce ya jira ka, ka manta, gobe a nan za ka tarar da shi.

Shi kuwa agogon, mijin 'yarsu ne ya kawo daga birni, lokacin da likita ya ce wa Nomau sukari ya yi masa yawa, ya riƙa tuƙa keke kullum. Yana da ɗamarar roba da ake jiƙawa a ɗaura a ƙirji. Ɗamara ta saurari zuciya ta gaya wa agogo, agogo ya ƙirga abincin da jiki ya ƙone, abin da surukin ya kira kalori. Ya ce ɗari shida ake so kowace rana. Hurera ba ta san baƙi ba, ko sunanta sai dai ta dangwala yatsa, amma lamba ba ta taɓa ɓace mata ba. Ta riƙe ɗari shida kamar yadda take riƙe farashi.

Wata Talata cikin bazara Nomau ya dawo da hantsi yana haki, riga sharkaf. Ta riga ta zuba masa dambu a akushi. Ta kama hannunsa ta duba, ɗari huɗu da ɗoriya.

"Malam, ciniki bai faɗa ba," in ji ta. "Koma ka ciko. Abinci na nan a rufe."

Ya dube ta, ya yi murmushi, ya juya keken. Bayan azahar aka same shi a gindin ɗinyar da ke bakin busasshen rafi, a zaune, rai ya yi halinsa, ya jingina keken da kyau. Agogo ya tsaya a ɗari biyar da tamanin da bakwai. Ita kaɗai ta duba, ita kaɗai ta san saura sha uku. Tun daga ranar, kowace tsakar rana sai ta cika akushin nan ta rufe da faifai, da la'asar ta juye wa kaji. Barmo yana gani, bai taɓa tambaya ba, don ba a ce ya tambaya ba.

Wata rana, bayan ta fita takaba, ta ga kaya na zaune ba mai kai su kasuwa. Ta kira Barmo ta ba shi keken, ta jiƙa ɗamara ta ce ya ɗaura, ta maƙala masa agogo. "Wannan ya fi ka tsada. Kada ka cire shi ko sama za ta faɗo." Ya ce to. Kwana uku agogo ya yi duhu, ta aike shi wurin Ɗahiru mai cajin waya a bakin tasha. Ɗahiru ya ce kawo. Barmo ya miƙa masa hannun gaba ɗaya.

"Ciro shi mana."

"An ce kada in cire."

Aka yi juyin duniya ya ƙi. Da yake hannun siriri ne, Ɗahiru ya cusa wayar caji ta ƙarƙashin agogon, ya ajiye hannun Barmo a kan tebur tsakanin wayoyin mutane, har ya manna masa 'yar takarda mai lamba kamar kowace waya. Haka ya zauna har la'asar, masu wucewa na tambaya ko shi ma ya kusa cika. Can sai agogo ya kawo haske ya yi ƙara. Ɗahiru ya leƙa, dariyarsa ta yanke.

"Me ya ce?" in ji Barmo.

"Gaisuwa ce. Yana gaida Nomau."

Barmo ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba saƙo a hanya. "Zai ji," in ji shi. Ɗahiru ya zare wayarsa da sauri, bai ƙara ɗaga ido ba har Barmo ya sha kwana.

Wata rana Hurera ta kafa doka. Kowace ɗari da agogo ya nuna, ludayi ɗaya na abinci. Mai aiki shi ke ci. Barmo zai ɗaura jarka biyu na mai, ya haye tudu har kasuwar Gidan Dawa ya dawo, amma in ta duba sai ta ga ɗari biyu da 'yan kai.

"Yayanka ko kaya ba ya ɗauka, a rabin wannan tafiya yake haɗa ɗari huɗu. Kai barci kake yi a kan sirdi?"

"Ba na barci, Matar Yaya."

"To yau kada ka tsaya sai ya cika ɗari shida."

Ya iso kasuwa, matan da ke jiransa da kwalabe suka miƙe suna kira. Ya ɗaga musu hannu ya ce, "Bai cika ba!" ya wuce. Ya wuce Gidan Dawa, ya wuce ƙauye biyu a gabanta. Lamba ba ta cika ba sai a tsakiyar wata siririyar gada, nan ya ja birki ya tsaya cak. Motar albasa ta zo ta baya tana ta hon, ya ce an ce ya tsaya idan ya cika, ba a ce ya matsa ba. Ƙarshe dai direba da fasinjoji suka cicciɓe shi da keke da jarkoki suka ɗora a kan albasa, aka sauke shi a ƙofar gida rana ta yi ja, ko cokali ɗaya na mai bai sayar ba. Hurera ta yi faɗa har muryarta ta dishe, amma ta zuba masa ludayi shida cif, don ba ta taɓa tayar da cinikin da ta ƙulla ba. Ya cinye, ya suɗe kwano, ya suɗe yatsu. Washegari aka koma ludayi biyu. Ɗamarar da ta matse ƙirjin Nomau, sai da aka yi mata ƙulli biyu kafin ta zauna a na Barmo, ba a daɗe ba aka ƙara na uku. Idanunsa suka fara faɗawa. Hurera na gani da idonta, amma ta fi yarda da lamba.

Wata rana ya ce mata a hankali ludayi biyu ba ya kai shi la'asar. Ta riga ta janye dokar hana cirewa tun abin kunyar tasha. Tana matsar tunkuza, ba ta ko waiwaya ba. "Ni ba ruwana da yadda ka yi ko wanda ya taya ka. Lamba nake son gani." Barmo ya zagaya bayan ɗaki inda bunsuru ke ɗaure a turke. Ya jiƙa ɗamara kamar yadda aka koya masa, ya ɗaura wa bunsuru a ƙirji, ya rataya agogo a ƙahonsa. Bunsuru ya firgita ya yi tsalle biyu uku, sannan ya koma cin harawarsa. Da azahar Barmo ya kawo mata agogo, ɗari bakwai. Ta duba ta sake dubawa, ta zuba ludayi bakwai. Ya ɗauki kwano da hannu biyu ya nufi bayan ɗaki. Kafin ta biyo shi, bakin bunsuru na cikin dambu.

"Barmo! Me kake yi haka?"

"Shi ya yi aikin."

"Wane aiki ya yi, yana ɗaure a turke?"

"Oho. Agogo ne ya ce ya yi."

Ta ɗaga ludayi za ta kwaɗa masa, hannun ya tsaya a sama. Idan dabba a ɗaure za ta haɗa ɗari bakwai, to me abin nan yake ƙirgawa? Tambayar ta leƙo ta, ta rufe mata ƙofa. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana, ita kuwa nata rawanin ya daɗe a kanta.

Wata rana lamba ta fara hawa ba bunsuru ba gada. Yau ɗari biyar, gobe ɗari shida, amma masu sayen mai suna aiko ƙorafi cewa Barmo ba ya isowa sai rana ta karya. Hurera ta yafa gyale ta bi sawun tayarsa a tsakiyar rana, lokacin da ko kare ba ya fita. Sawun bai hau tudu ba, ya gangara rafi. Tun ranar Talatar nan ba ta taka wannan hanya ba.

Ta hango shi a gindin ɗinyar. Ya sauke jarkoki a gefe, yana kan sirdi, ƙafa ɗaya a ƙasa, ido a rufe. Ba iska, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Kurciyoyin da ke damun mutane a rafin nan sun yi tsit. Ta matsa ta kama hannunsa, ta same shi da sanyi kamar randa. Lamba na hawa a gabanta, ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ko yatsa bai motsa ba.

"Me kake yi a nan?" Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa ba da niyyarta ba.

"Nan lamba ta fi arha, Matar Yaya."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Idan na zo nan ƙirjina yakan yi ta duka. Kuma keken yakan yi nauyi ta baya." Ya buɗe ido ɗaya. "Ba na waiwaya. Ƙarami ba ya ƙure babba da kallo."

Ita ta waiwaya. Ba kowa a bayan keken, sai tsohuwar igiyar roba da ake ɗaure kaya. Amma tayar baya ta nutse cikin yashi har bakin ƙarfe, ta gaba kuwa tana sama-sama. Ta ce a ranta iskar taya ce ta ragu. Ta ce yashin wajen ya fi laushi. Ta yi a'uziyya sau uku, ta finciko shi da keke, ba ta saki rigarsa ba sai a zaure. Ranar ta yanke shawarar sayar da agogon.

Wata rana mai saye ya zo. Malam Isiyaku ne, mai duba marasa lafiya a ƙaramin asibitin garin, shi ma da keke yake zaga ƙauyuka. Ya jingina nasa a zaure, suka gaisa, ya taya da ɗan akuya.

"Albarka," in ji Hurera. "Tunkiya mai ciki, ko ka ajiye mini kayana."

Ya yi dariya, ya latsa agogon yana karantawa. Da ya ji yadda ake auna wa Barmo abinci, dariyar ta ɗauke. Ya kira shi, ya ja fatar idonsa ya duba, ya taɓa wuyan hannunsa.

"Gwaggo, mutumin nan yunwa ke cinsa."

"Abin da ya yi aiki nake ba shi. Ga shaida a hannunka."

"Wannan ba shaida ba ne, mai kintace ne. Ba ya ganin jarka, ba ya ganin tudu. Bugun zuciya kawai yake ji. Tsoro ya kori zuciya, ya ce aiki ne. Zafin rana, zazzaɓi, goro, duk aiki ne a wurinsa. Barmo zuciyarsa ta saba da wahala, tana tafiya a hankali, sai ya rubuta shi a rago. Wanda kuma zuciyarsa ke ciwo tana ta gudu tana neman agaji, shi yake rubuta wa lamba mai yawa."

Hurera ta ji ƙasa ta ɗan karkace. Ɗari huɗu da ɗoriya tun da hantsi, ga haki, ga murmushin nan da ya yi mata. Ba ta bari fuskarta ta motsa ba.

"Bayan haka," in ji Malam Isiyaku, "shekaru da nauyin da ke ciki duk na marigayi ne. Da su yake lissafi. Har yau agogon nan bai san Nomau ya mutu ba."

"Kushe dai kake yi don in rage. Na saba da irinku. Tunkiya mai ciki."

Ya ce zai yi shawara a gida ya dawo gobe bayan azahar. Yana fita Barmo ya matso, damuwa fal a fuskarsa.

"Matar Yaya, ashe ba a gaya wa agogon ba? Duk dangi an aika musu. Shi da suke tare kullum, ai bai kamata ba."

"To je ka gaya masa, ka ƙyale ni in ji da kaina!"

Washegari da safe ba Barmo, ba keke, ba agogo. Jarkoki na nan a zaure. Rana ta take, Hurera ta cika akushi ta rufe da faifai kamar kullum, ta zauna tana fuskantar ƙofa. Sai ta tuna haka ta zauna waccan Talatar, a kan wannan kujerar, tana kasa kunne ga keken da ba shi da abin da zai yi ƙara. Ta lissafa abin da ke cikin Barmo tun jiya, ludayi biyu. Aka kira azahar. Malam Isiyaku ya yi sallama ya shigo, ta amsa masa da ka. Inuwar katanga ta fara tsawo. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa ta ɗauki gyale.

Sai ga Barmo ya turo keke, jar ƙasa a gwiwoyinsa, yana tangaɗi kaɗan.

"Ina ka shiga, don Allah don Annabi?"

"Kin ce in gaya masa. Na gaya masa sau uku a hanya, bai ce komai ba. Na ce gani ya kori ji. Na kai shi maƙabarta."

Malam Isiyaku ya yi salati. Hurera ta dafa bango.

"Na jiƙa ɗamara yadda aka saba, na shimfiɗa a kan kabarin ta wajen ƙirji, na ajiye agogo kusa, na zauna ina yi wa Yaya Ƙulhuwallahu. Da farko shiru. Can sai ya fara ƙirga, a hankali, ɗaya-ɗaya, kamar mai hawan tudu. Sannan ya daina. Na jira har aka yi salla, bai ƙara ba."

Malam Isiyaku ya karɓi agogon ya duba. "Sha uku," in ji shi. Ya yi gyaran murya. "Danshin ƙasa ne, Gwaggo. Ko hannunsa ya taɓa ɗamarar. Yana faruwa." Amma ya ajiye agogon a kan tabarma, ya goge tafinsa a riga.

Hurera ta yi lissafin da ba wanda ya sani a duniya sai ita, ta sake yi, ya fito daidai.

"Yaya dai ya gama," in ji Barmo. "Ni ne ban ci ba."

Ta daɗe tana kallonsa, ƙashin wuyan nan, da ƙulli ukun da ke jikin ɗamarar da ya riƙe. Sannan ta durƙusa, ta ɗage faifai daga kan akushin Nomau, ta tura shi gaban Barmo da hannu biyu. Ba ta ɗauko ludayi ba.

Ya dubi akushi, ya dube ta. "Nawa zan ci?"

"Har ka ƙoshi."

"Wa zai gaya mini na ƙoshi?"

"Cikinka, Barmo. Daga yau shi za ka riƙa tambaya."

Ya yi bisimilla. Kaji suka taru a inda suka saba, suka jira, suka watse.

Malam Isiyaku ya bari ta goge idonta da bakin gyale, wanda ta ce hayaƙi ne ya shiga duk da ba wuta a murhu. Sannan ya ce, "Game da tunkiyar, Gwaggo, na yi shawara. Zan iya kawo ta, sai dai ba mai ciki ba."

Ba ta dube shi ba. Kekensa take kallo a zaure, da ƙararrawar da ke sheƙi a kan ƙahonsa.

"Kaɗa wancan in ji."

Ya je ya kaɗa. Ƙarar ta cika gidan, har bunsuru ya amsa daga bayan ɗaki.

"Daga rafi za a ji ta a nan?"

"Idan ba iska, za a ji."

"To bar tunkiyarka. Ciro ta ka ɗaura wa keken Barmo da hannunka. Kuma ka goge sunan marigayi daga cikin abin nan kafin ka fita mini gida."

"Haba Gwaggo, ai ƙararrawa ba ta kai ko igiyar agogon ba. Mutane za su ce na cuce ki."

"Ni ke sayarwa ko mutane?" Ta juya ga Barmo, wanda baki cike yake kallonsu. "Kai kuma, duk ranar da za ka dawo, tun daga rafi ka fara kaɗa ta, kada ka daina sai ka gan ni."

Ta san haka zai yi, ba ragi ba ƙari, har unguwa ta gaji da shi. Ta ɗauki agogo da ɗamara da yatsu biyu, ta ajiye a gaban Malam Isiyaku.

"Ƙararrawa ɗaya," in ji Hurera. "Na sallama."